Talatin ga Fabrairu

Akwai wani manomi da ya yi shekara goma sha ɗaya ba ya ga maciji da ƙanensa, saboda wata ɗorawa da ke kan iyakar gonakinsu. Ɗorawar ma ta daɗe da faɗuwa, mata sun gama girki da itacenta, amma fushin yana nan daram.

Manomin yana da 'ya mai suna Briskila, wadda ke aikin rubuta manhajar kwamfuta a birni. Ita ta rubuta wa ikilisiyarsu manhajar da ake sa ranakun baftisma da na ziyarar marasa lafiya. Da ta ji baffanta ya kwanta ciwo, jiki ya yi tsanani, sai ta zo gida, ta zauna kusa da mahaifinta a rumfa.

Ta ce, "Baba, yaushe za ka je duba Baffa?"

Ya ce, "Wata rana."

"Faɗa mini ranar, in sa a waya ta tuna mana."

Gaskiya tsohon yana marmarin ɗan'uwansa, girman kai ne ya ɗaure masa ƙafa. Sai ya yi dabara irin ta manya, ya ce, "Sa talatin ga Fabrairu."

Briskila ba ta yi gardama ba, ta rubuta a manhajar tata da ke cikin wayar. Wayar ta ƙi karɓa, ta nuna cewa babu wannan rana.

Ya yi dariya. "Ashe abin naki ba a yi masa wayo?"

Ta ce, "Ni na koya mata, Baba. Kafin ta karɓi rana sai ta duba shekara, ta duba wata, ta ga ko ranar tana ciki. Wasu manhajojin sukan karɓa shiru, su tura mutum cikin Maris bai sani ba. Ba na so tawa ta ruɗi kowa."

Dariyar ta ɗauke. Ya tuna yadda yakan goya ƙanen nan su haye rafi suna yara, tsoro kuwa ya kama shi kada ya makara. Can ya ce a hankali, "To, gwada yau."

Wayar ta karɓa. Ya sa takalmansa, ya ɗauki sanda.

Ya tarar da ƙanensa a kwance, ya rame, ga wata tabarma shimfiɗe a gefensa ba kowa a kai. Mara lafiyan ya ce, "Zauna, Yaya. Kullum nakan sa a shimfiɗa maka ita." Manomin ya zauna, ya riƙe hannunsa, ya yi kuka.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Talatin ga Fabrairu ita ce "wata rana" da muke sa wa tuba da neman gafara. Zuciyarmu takan karɓe ta shiru, ta yi ta tura mu gaba, amma Allah bai halicci rana mai wannan suna ba. Yau ya ba mu. In akwai wanda kake fushi da shi, tashi ka je, wataƙila tabarmarka ta daɗe a shimfiɗe.