Ranar Da Muntaka Ya Hana Baƙi Shiga Garinsu

Akwai wani matashi mai suna Muntaka, direba a gidan Alhaji Habibullah da ke Gyadi-Gyadi, a shekarar da korona ta sa aka kulle Kano.

Kafin nan shekara bakwai ya yi a Legas, a bakin teku, yana ba da hayar kujeru da lema ga masu zuwa shan iska. Idan sun watse, shi da mutanen wajen ne suke bin rairayi suna tsince kwalabe da ƙasusuwan kaza da ƙunzugun jarirai. Don haka ya san masu yawon shaƙatawa ciki da waje. Za su zo su ce waje ya yi kyau, su tafi su bar maka abin da ko kare ba zai shinshina ba.

Da ya gaji sai ya tattaro ya dawo, ya kama ɗaki a Unguwa Uku, ya samu wannan tuƙin. Asalinsa ɗan Kwarin Ɗinya ne, wani ƙauyen masunta a bakin dam, tafiyar awa biyu daga birni. Can mahaifinsa Malam Rabi'u yake, dattijo mai kwale-kwale, wanda asma ta daɗe tana wahalarwa. Ko hayaƙin murhu ya shaƙa sai an kwana ana yi masa fifita.

Alhaji yana da ɗan auta, Junaid. Ana cikin kullen ya saci jiki ya je wani zaman makoki a Tarauni, aka yi ta musabaha. Bayan kwana biyar ya fara zazzaɓi da tari.

Wata safiya Muntaka yana wanke mota sai ga Junaid ya fito da kwalbar turare, yana ta fesawa a wuyan hannunsa yana kaiwa hanci.

"Muntaka, zo ka ji wannan. Jabu suka sayar mini ko? Wallahi kamar ruwa."

Muntaka yana daga nesa, amma ƙamshin har ya sa shi atishawa. Kullum rediyo tana faɗa cewa ɗaukewar ƙamshi yana cikin alamomin cutar.

"Yallaɓai, da ka je an duba ka."

"A duba ni a kai ni gidan killacewa, duk unguwa ta sani? Maleriya ce, malam. Wanke motarka."

Wai maleriya ce, amma tun daga ranar Junaid bai sake hawa benen mahaifinsa ba. Alhaji yana da ciwon suga. Sai dai su gaisa ta waya, suna gida ɗaya.

Zaman gida ya ishi Junaid. Ya ƙare fina-finai, ya ƙare barci. Rannan ya hango hoton da ke fuskar wayar Muntaka: ruwa shimfiɗe har iyakar gani, ga dattijo a kwale-kwale.

"Kai! Ina ne nan?"

"Garinmu ne."

"Kana da wannan wajen kake ɓoye mana? Ranar da aka sassauta doka za ka kai mu, ni da abokina Sadiq da sauran. Mu ci gasasshen kifi, tsohon nan ya zaga da mu a ruwa."

Muntaka ya ce masa mutanen garin sun gitta gungume a hanya, ba sa barin kowa daga birni ya shiga.

"To ai shi ya sa za mu tafi da kai. Wa zai hana ɗan gari shiga da baƙinsa?"

Muntaka ya kai maganar gaban Hajiya Safiyyah, mahaifiyar Junaid, yana zaton za ta tsawatar. Ta tsaya can bakin ƙofar falo da takunkumi a fuska, ta saurare shi.

"Haba Muntaka, yaron nan ya rame, bari ya je ya sha iska. Mutanen ƙauye ai jininsu da ƙarfi yake, wannan cutar ba ta kama su. Gara ma ya yi nesa da Alhaji na wuni guda."

Kun ji fa. Gara ya yi nesa da Alhaji.

Muntaka ya haƙura. Aiki yana da wuyar samu, ga gari a kulle. Ranar da aka sassauta, ya ɗaure fuskarsa da hankici biyu, ya sauke gilasai, ya ja mota. Su huɗu a ciki ban da shi, ga kuloli, ga ƙatuwar lasifika. Junaid yana tari yana waƙa. Yadda suka wuce shingayen hanya kuwa, kun fi ni sani.

Wajen azahar suka isa gungumen. Samarin gari suna zaune a inuwa, shugabansu Haruna, abokin Muntaka tun suna yara, ya taso yana dariya.

"A'a, ɗan Legas! Yau kai ne da baƙi?"

Labari ya riga ya kai cikin gari. Muntaka ya hango mahaifinsa yana tahowa a hankali, da sabuwar tabarma a hammata, yana tsayawa yana mayar da numfashi. A bayansa ga Inna Lami, mahaifiyarsa, ɗauke da ƙwaryar fura. A gidan Malam Rabi'u ba a taɓa tambayar baƙo me ya kawo shi ba sai ya sha ruwa. Kuma abin da baƙo ya rage a ƙwarya, maigida ne yake shanyewa.

Haruna ya dafa gungumen.

"Ka san doka, Muntaka. Amma kai namu ne. In ka ce lafiyarsu ƙalau, mu ɗage. Maganarka ta ishe mu."

Junaid ya zuro kai ta taga. "Faɗa masa mana, mu wuce. Rana tana yi."

Muntaka ya dubi ƙwaryar da ke hannun uwarsa. Ya kashe mota, ya fito, ya tsaya nesa da kowa.

"Kada ku ɗage. Wannan na gaba ba shi da lafiya. Kwana goma ke nan yana zazzaɓi da tari, ba ya jin ƙamshi. Baba, don Allah tsaya a nan, kada ka matso."

Junaid ya banko ƙofa ya fito.

"Kai mahaukaci ne? Ni za ka tozarta a gaban 'yan ƙauye? Na ce maka maleriya ce!"

"In maleriya ce, me ya hana ka hawa wajen Alhaji kwana goma? Naka uban ka san yana da suga. Nawa yana da asma. Shi ba uba ba ne?"

Sadiq ya ce, "Kai Junaid, rabu da shi, mu juya."

Amma Malam Rabi'u ne ya fi kowa jin zafin abin. Ya ce, "Muntaka, mutanen da kake cin abinci a gidansu? Sun yi tafiyar awa biyu, ka tsayar da su a rana kamar ɓarayi? Wannan ne abin da ka koyo a Legas?"

"Baba, ka yi haƙuri."

"Ban haifi mai korar baƙo ba."

Ya juya da tabarmarsa ya koma.

Junaid ya fizge mukulli. "Ka zauna a nan ka ci kifi har ka mutu. Kada in sake ganin ƙafarka a Gyadi-Gyadi." Ya ja motar da kansa. Sai dai bai nufi Kano ba. Ya bi hanyar da ta zagaya dam zuwa Tudun Faru, ƙauyen da ke ɗaya gaɓar, inda ba su sa shinge ba.

Haruna ya tura mutum biyu a kwale-kwale su gargaɗi mutanen Tudun Faru. Kafin su tsallaka, an riga an sauki baƙi a ƙofar gidan Malam Sulaiman, wani tsohon masunci, aminin Malam Rabi'u na shekara arba'in. Ya saurari saƙon ya girgiza kai.

"Na riga na shimfiɗa musu tabarma. Da wane bakin zan ce su tashi?"

Shi kuwa Muntaka bai tsallaka gungumen ba. Awa biyu ya yi a mota ɗaya da mai tari, ya san shi ma abin gudu ne. Ya nemi wata tsohuwar bukkar masunta a wajen gari ya ce a nan zai yi sati biyu. Inna Lami takan kawo abinci ta ajiye a kan wani dutse ta ja da baya, ta tsaya tana kallonsa yana ci.

"Baba fa?"

"Yana nan. Ko sunanka ba ya so a ambata."

Tun a yammacin farko kiɗa yake tsallako ruwa yana iske shi har bukka. Da ya duba waya, sai ga hotuna Junaid ya zuba a shafinsa. Ga shi rungume da Malam Sulaiman, kumatu a jikin kumatu. Ga shi da ƙwaryar fura a baki. A ƙasa ya rubuta: "Ni da mutanena. Rayuwar ƙauye ta fi." Mutum ɗari uku sun danna suna so.

Muntaka ya kife wayar. Ya ture tuwon da ke gabansa gefe.

Junaid ya warke cikin sati guda, ya ci gaba da harkokinsa. A Tudun Faru kuwa dattawa uku suka kwanta. Asibiti mafi kusa sai an yi tafiyar awa guda a babur, a kan hanyar da mai lafiya ma take jijjigawa. Biyu suka tashi da ƙyar. Malam Sulaiman ya cika a kwana na goma sha biyu.

Ajali na Allah ne, babu mai musu. Amma wannan karon sanadin yana da suna, yana da lambar gida.

Malam Rabi'u bai samu sallatar amininsa ba. Ya tuƙa kwale-kwale zuwa tsakiyar ruwa, ya zauna yana hango mutane 'yan kaɗan suna ɗauke da makara. Da aka gama bai nufi gida ba, sai ya karkata zuwa bukkar Muntaka. Ya tsaya a cikin ruwa, ya jefo wani ƙaton kifi karfasa kan gaɓa.

"Gasa ka ci. Uwarka ta ce ka rame."

Muntaka ya durƙusa. Dattijon ya daɗe yana kallon filafilin da ke hannunsa.

"Sabuwar tabarma na ɗauko musu ranar," in ji shi. Ya juya kwale-kwalensa ya tafi.

Bayan an buɗe gari, sai Auwalu, babban ɗan marigayin, ya zo wajen Muntaka ya ce ya raka shi birni, shi bai san hanya ba. Yana ɗauke da buhu biyu, ɗaure da igiya.

Bayan la'asar adaidaita ta sauke su a layin. Majalisar dattawan unguwa tana cike, Alhaji Habibullah ma ya fara fitowa, yana zaune a kujerarsa. Auwalu ya yi sallama, ya nemi a kira masa Junaid. Da ya fito, Auwalu ya kwance buhunan ya zazzage a ƙofar gidan.

Gwangwanaye, robobin cin abinci da suka yi funfuna, ƙasusuwa, takunkuman fuska da aka yi amfani da su, tsummokaran takarda da aka fyace majina, da fankon maganin zazzaɓi har kati uku. Wari ya tashi, ƙudaje suka taru. Dattawa suka toshe hanci.

"Mun kawo muku kayanku da kuka manta a ƙofar gidanmu," in ji Auwalu, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Saura guda ɗaya, ciwon da kuka bar mana. Shi ba mu iya dawo da shi ba, mun binne shi tare da babanmu."

Alhaji bai san an yi tafiyar ba sam. Ya sa Muntaka ya faɗi komai a gaban jama'a, tun daga turare har zuwa gungume. Junaid ya fara cewa, "Dadi, wallahi maleriya..." Alhaji ya ɗaga masa hannu.

"Shi ya sa ka daina hawowa wajena?"

Junaid ya sunkuyar da kai.

Maigadi ya taho da tsintsiya, Alhaji ya dakatar da shi. "Ajiye. Wanda ya zubar shi zai kwashe. Da hannu."

Haka Junaid ya tsuguna cikin farar shaddarsa, yana tsintar majinarsa ta wata biyu, layi guda yana kallo. Babu wanda ya yi dariya. Hajiya ta leƙo ta labule ta koma.

Alhaji ya yi wa Auwalu ta'aziyya, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Sannan ya juyo wajen Muntaka ya ce ya dawo bakin aikinsa gobe.

"Na gode, Alhaji, amma na koma ruwa. Babana ƙarfinsa ya ragu, ni nake tuƙa masa."

"Yana nan lafiya dai?"

"Yana nan da ransa, Alhaji. Ya ce in gaishe ka."

Darasi: Wajen da kake zuwa shaƙatawa na wuni ɗaya, gidan wasu ne, da tsofaffinsu da marasa lafiyarsu, kuma ba su da asibitin da kake da shi. In ka san akwai abin da ba za ka kai wa iyayenka ba, kada ka kai wa iyayen wani don kawai kunya ba za ta bar su su kore ka ba. Ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin tafiya alhali jikinsa ba daidai ba.