Rabin Goron Inna Hakama

An ce wai a wani gari an yi wani alƙali, Malam Ɗahiru, wanda ba ya yanke hukunci sai ya kalli abin da hannun mutum ke yi bayan ya saurari bakinsa. Wata rana 'yan'uwa biyu suka zo gabansa, suna jayayya a kan wanda zai riƙe mahaifiyarsu, Inna Hakama, wadda tsufa ya fara kwashe mata tunani.

Ƙaramin, Tanimu, attajiri ne. Shekara biyu ke nan da ya ɗauke ta daga gidan da ta yi aure, ya ba ta ɗaki mai darduma, ya karɓe mazarinta na kaɗi, ya hana jikoki shiga kada su dame ta. Shi a ganinsa gata ya yi mata, kuma don Allah ya yi. Babban, Jatau, marini ne, yana zaune a tsohon gidan, kuma shi ne ɗanta na fari.

Tanimu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a mai da ita wurin wanda ta manta? Ko kallon Yaya ba ta yi."

Alƙali ya sa aka shigo da ita tare da ƙanwarta, Gwoggo Kande. Tsohuwa ta gaida kowa da fara'a, har dogarin bakin ƙofa. Alƙali ya nuna Tanimu ya ce, "Inna, wane ne wannan?"

Ta ce, "Mai masaukina ne. Mutumin kirki, Allah ya saka masa. Ka roƙa mini shi, Malam, ya sallame ni in koma gida, na daɗe."

Wurin ya ɗauki salati. Tanimu ya buɗe baki ya kasa rufewa, hawaye na zuba a kan babbar rigarsa. Ni da nake ba ku labarin nan, ban san abin da ya kai wannan ciwo ba.

Sai alƙali ya nuna Jatau. Nan take ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya masa baya. Jatau ya sunkuyar da kai ya ce, "Na janye, Malam. Shekara talatin muna hira da ita a tsakar gida. Yau ta gaida dogari, ni ta ba ni ƙeya."

Alƙali ya ciro goro ɗaya ya miƙa wa tsohuwa, ya kau da kai kamar yana duba takarda. Ta ɓare goron gida biyu. Ta saci kallon jama'a, ta tura rabi cikin tafin Kande, ta yi raɗa irin ta mai nauyin kunne, wadda kowa ke ji: "Ba wa yaron can. Kada ki ce daga ni ne."

Yaron can kuwa gemunsa fari fat, shekararsa sittin da uku.

Alƙali ya ce, "Kun ji? Hankalin baiwar Allah nan ya koma zamanin da take sabuwar uwa, lokacin da kunyar ɗan fari ke hana ta kallonsa ko kiran sunansa. Duk wanda ta gaisar yau, baƙo ne a wurinta. Ban da ƙanwarta, mutum ɗaya ta gane a ɗakin nan, shi ne wanda ta juya wa baya."

Jatau ya karɓi goron da hannu biyu masu shuɗin baban rini, ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.

Alƙali ya ce, "Ta koma ɗakinta na da. A ba ta mazarinta da audugarta, a bar jikoki su dame ta. Kai kuma Tanimu, ban same ka da mugunta ba, amma ka hutar da ita har ka hutar da ita daga kanka. Kullum bayan la'asar ka je ka zauna kusa da ita, ka gaya mata ko kai wane ne. In ta manta gobe, ka sake."

Aka ce bayan wata huɗu, wata la'asar, ta ɗago kai daga kaɗinta ta ce, "Tanimu, ina ka shiga ne haka?"

Tsoho yakan riƙe mutanen da ke zama kusa da shi ne. Wanda ya keɓe shi da sunan hutu, ya taya mantuwa aiki.