Amsar ta Jazuli Ce

Kun sha gani da idonku, kuka kau da kai. A aji, a ofis, har a kwamitin masallaci, wani ya yi tunani, mai baki ya ɗauke ya ce nasa ne, ku kuma kuna jinjina masa. To ku saurara.

An yi wani bawan Allah a wata jami'a, shekarun baya, ana ce masa Lurwanu. Yana ajin ƙarshe sai ga wani kamfani ya zo ɗaukar ma'aikata, irin kamfanonin nan da aikinsu shi ne ba masu masana'antu shawara. Gurbi ɗaya ya rage, kuma Lurwanu ya ƙwallafa rai a kansa. Har kwat ya aro wajen abokinsa Sagir, hannun ya yi masa tsawo.

Al'adar kamfanin ita ce a zaunar da ɗalibai a teburi ɗaya, a jefa musu matsala, a koma gefe ana kallonsu. Aka ce ga masana'antar tumatir, ta yi aiki lokacin kaka, sauran shekara tana kwance. Me za a yi? Nan fa wuri ya kaure, kowa na zuba Turanci don a gan shi.

Kusa da Lurwanu akwai Jazuli, mai in'ina. Duk sanda ya buɗe baki, kafin kalma ta fito an tari numfashinsa. Da ya gaji sai ya raɗa wa Lurwanu: "Ma-manoman ne ke shuka lokaci ɗaya. A rarraba musu lokacin shuka."

Lurwanu ya ɗaga murya ya faɗa. Matar da ke jagorantar intabiyun ta ajiye biro.

"Tun safe wannan nake jira. Yaya sunanka?"

Ku saurara, jama'a. Sunansa kawai aka tambaya. Ba wanda ya ce ya yi ƙarya. In ya faɗi suna ya ja bakinsa, aiki ya zama nasa ke nan. Ya tuna mahaifiyarsa da ta riga ta gaya wa maƙwabta ɗanta na gab da samun aiki. Ya dubi Jazuli, ya ga ya sunkuyar da kai.

"Sunana Lurwanu, Hajiya, amma amsar ta Jazuli ce. Baki kawai na ara masa. In kun ba shi lokaci zai ƙarasa."

Sagir, wanda shi ma yake teburin, ya taka masa ƙafa ta ƙarƙashi. Aka ba Jazuli lokaci, ya warware zancen a hankali har ƙarshe.

Suna fita Sagir ya ce, "Malam waliyyi, cikin kwat ɗina za ka yi wannan wautar? Cire min kayana."

Lurwanu ya yi dariya. "Karɓi abinka. Dama hannun ya yi min tsawo."

Na san kuna jira in ce daga baya an kira shi. Ba a kira shi ba. Jazuli aka ɗauka. Lurwanu ya samu koyarwa a wata sakandare, yana cin tuwonsa da daɗi, in sun haɗu da Jazuli su tafa, ba mai ɓoye ido.

Tunanin mutum haƙƙinsa ne, kamar gonarsa. Yin shiru a yaba maka a kan abin wani, wannan ma sata ce, ko da ka sa kwat. Kowannenku ya san Jazulin da ke zaune kusa da shi. Gobe in aka yaba maka a kan abin da ba naka ba, kada ka yi murmushi ka wuce. Ka buɗe baki, a gaban kowa, ka faɗi sunan mai shi.