Gida Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Akwai wani malamin jami'a a birnin Katsina, sunansa Dakta Hussaini. Fanninsa shi ne gubar da ke ɓoye a muhalli, wadda mutane ke sha a ruwan rijiya ko su shaƙa a hayaƙi ba su sani ba. Mutum ne mai ƙwaƙwalwa, ko wanda ba ya ƙaunarsa ba zai musa ba. Matsalar ita ce shi ma ya san da haka, kuma ba ya bari kowa ya manta.

Wata shekara ya ɗauki bincike a wani lungu da ke bayan Ƙofar Guga. A lungun akwai wani kango inda wani mutum mai suna Jamilu ke fasa tsofaffin batiran mota yana narka dalmar da ke ciki. Hayaƙin yakan tsallake katanga ya sauka a gidajen maƙwabta.

Dakta ya bi gida arba'in yana ɗibar ƙasar tsakar gida da ruwan randa a 'yan kwalabe. Duk gidan da ya fita, magana ɗaya yake bari: "Idan mun ga wani abu, za mu dawo." Yana faɗinta ne kamar yadda ake cewa sai an jima.

A ƙa'idar irin wannan aiki ba a rubuta sunan mutum a jikin kwalba, sai lamba, don a rufa wa mutane asiri. Sunayen suna cikin wani littafi dabam. Dakta ya jefa littafin a durowar ofishinsa ya murɗa makulli.

Wadda ke kula da na'urar awo a ɗakin gwaje-gwaje ita ce Madam Asabe, 'yar Filato, ta haura shekara ashirin a kan wannan aiki. Ita lamba kawai take gani. Da sakamako ya fito, sai ta same shi a ofis da takarda a hannu.

"Dakta, ka duba lamba goma sha bakwai. Sau uku na maimaita. Dalmar da ke ƙasar gidan nan ta wuce hankali."

Ya karɓa ya duba, fuskarsa ta washe. "Madalla! Wannan shi ne zai ɗaga darajar binciken."

"Yaushe za a koma a gaya musu?"

"Madam, ni aikina in auna in rubuta. Bari a buga tukuna, sai mu aika wa hukuma."

Aka buga binciken da Turanci a wata mujalla ta ƙasar waje. Aka fara gayyatarsa taro, yau nan gobe can. Duk inda ya tsaya sai ya haska zanen sakamakon a bango, ga lamba goma sha bakwai ta yi wa sauran zarra, a yi ta tafi. Aka ƙara masa girma a wurin aiki. Ɗalibai suka riƙa kafa hujja da sunansa. Maganar aika wa hukuma kuwa ta bi ruwa.

Madam Asabe ta tuna masa sau biyu. A na uku ya cire tabarau ya ce, "Yanzu ke ce za ki koya mani aikina?" Daga ranar ta ja bakinta. Ko da ta so zuwa da kanta, ba ta san ko wane gida ba ne.

Aka kwashe shekara uku.

Dakta yana zaune a unguwar GRA da matarsa Zulaihat da 'yarsu Nafisa, mai shekara biyu da rabi. Gidan nan kuwa doka ce a kowane lungu. Ruwa sai an tace. Ba a sa wa yarinya kwalli. Abin wasa ba ya shiga hannunta sai Dakta ya juya shi ya duba fentin. Shi dai a ganinsa, guba abin gidajen wasu ce.

Sai Nafisa ta fara ƙin abinci. Ga ciwon ciki, ga rigima ba dalili. Aka yi maganin zazzaɓi, babu sauƙi. Abin da ya fi tayar wa Zulaihat hankali shi ne 'yan kalmomin da yarinyar ta iya sun fara raguwa. Wadda ke cewa "Abba, ruwa" ta koma nuni da yatsa.

Dakta ya sa likita ya haɗa da awon dalma a gwajin jini, yana cewa don dai a cire shakka. Da takardar ta zo, sai ya ga adadin dalmar da ke jinin Nafisa ya yi sama sosai. Ya san ma'anar wannan adadi fiye da likitan da ya miƙo masa. Ya san dalma ƙwaƙwalwar yaro take ci, kuma duk ranar da aka ƙara ba a gano inda take shiga ba, asara ce.

Ya kwashe gidansa kaf ya kai ɗakin gwaji: ɓawon fentin bango, ruwan tanki, ƙasar lambu, tukwane, kayan wasa. Madam Asabe ta auna su ɗaya bayan ɗaya. Babu komai a cikinsu.

A rana ta tara Madam Asabe ta dube shi, duk ya faɗa. Ta ce, "Dakta, kai da uwargida jininku lafiya. Me yarinyar ke ci kullum wanda ku ba ku ci?"

Kunu ne. Garin kunun yara na gero da waken suya da gyaɗa, wanda ake dama mata safe da yamma. Ya sha ganin robar a kicin, fara tas da murfinta, bai taɓa tambayar daga ina take ba. Aka auna garin. Madam Asabe ta juyo masa da fuskar na'urar ya gani da idonsa.

Ya isa gida a fusace. "Zulaihat, a ina kike sayen garin nan?"

"Wajen wata tsohuwa, Iya Furera, a Ƙofar Guga. Maƙwabciyarmu ce ta haɗa ni da ita."

"Haka kawai ki ɗauko abu daga lungu ki ɗura wa yarinya?"

"Haba Dakta, ai saboda kai na zaɓe shi. An ce wani dakta daga jami'a ya taɓa zuwa ya auna gidan, bai ga komai ba. Na ce to wannan ko kai ba za ka yi ƙorafi ba."

Dakta ya juya ya fita. Ya koma ofis, ya sha wahala kafin ya gano makullin durowar. Ya buɗe littafin, ya bi layi da yatsa. Lamba goma sha bakwai: Furera, mai garin kunu. Da rubutun hannunsa.

Washegari da hantsi ya roƙi Madam Asabe ta raka shi. Suka yi sallama aka ce su shigo. Ga gero da wake an baza a tabarma a gindin katanga suna shan rana. A bayan katangar, hayaƙin Jamilu yana tashi abinsa.

Tsohuwar ta ƙura masa ido, sai ta tafa hannu. "Lale, lale! Ba kai ne mai kwalaben nan ba? Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya aiki? Allah shi yi maka albarka, ɗan nan. Tun da ka zo gidan ga ciniki ya buɗe mani."

Dakta ya amsa gaisuwar da ƙyar.

Ta ci gaba tana shimfiɗa musu tabarma. "Ka ce in kun ga wani abu kuna dawowa. Muka jira wata guda, wata biyu, shiru. Na ce alhamdulillahi, gidana lahiya lau. Kowa ya zo saye sai in hwaɗa mashi, likitan jami'a da kanshi ya auna."

A inuwar ɗaki wata yarinya 'yar kamar shekara shida tana zaune tana murza gefen zanenta. Madam Asabe ta yi mata magana, ba ta ɗago ba.

"Jikata ce, Rahama," in ji Iya Furera. "Sai haƙuri. An sa ta makaranta, ba ta riƙe komi, aka maido ta. Wasu sun ce iska ne. Muna dai ta addu'a."

Mutumin da ya saba magana a gaban ɗaruruwan masana ya rasa ta inda zai fara. Ya durƙusa a gaban tsohuwar, ya gaya mata komai da Hausa, ba ado: dalma, hayaƙi, ƙasar gidan, garin kunu, da 'yarsa da ke kwance. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba.

Iya Furera ta ɗago ta dube shi. Sannan ta ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Shekara uku, Iya."

Ta juya ta kalli Rahama. "Lokacin tana magana hwa. Ita ce ta riƙe maka kwalba."

Dakta ya zaci za ta yi kuka ko ta zage shi, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Sai ta tashi ta naɗe tabarmar geron ta jingine, ta shiga ɗaki ta fito da mayafi.

"Gida talatin da biyu ake kai ma garin nan," ta ce. "Ni ban iya lamba ba, amma na san sunan kowane ɗa da uwatai. Tashi mu tahi. Kai za ka yi bayani, ni in ba su haƙuri."

Haka suka wuni, tsohuwa a gaba, Dakta a baya, suna sallama ƙofa ƙofa. Kwana huɗu suka yi kafin su gama. Daga nan ya bi sauran gidaje talatin da tara na cikin littafinsa. Mai unguwa ya zaunar da Jamilu, wanda shi ma bai san abin da hayaƙinsa ke yi ba, aka mayar da sana'ar bayan gari. Aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa. Aka auna jinin yaran, waɗanda ke bukatar magani aka sa su a kai.

Nafisa ta samu sauƙi, don an tare abin da wuri. Bayan wata biyar ta dawo da surutunta har ana cewa ta yi shiru.

Rahama ma dalmar ta ragu a jininta. Amma likitoci sun faɗi gaskiya, abin da ya lalace a shekara uku ba duka zai dawo ba.

Duk wata Dakta Hussaini yakan zo da motarsa ya kai ta asibiti da kansa. Iya Furera tana amsa gaisuwarsa yadda ya kamata, ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo masa ruwa. Har yau dai ba ta sake sa masa albarka ba, shi kuma duk zuwa sai ya saurara.

Darasi: Ilimin da ka samo daga jikin mutane amana ce, kuma ba ka sauke ta ba sai ka koma ka gaya musu da harshen da suke ji. Idan ka ce za ka dawo, ka dawo, domin akwai wanda zai ɗauki shirunka a matsayin lafiya ya gina rayuwarsa a kai. Ku tura wannan labari ga malamai da ɗalibai da ma'aikatan lafiya da kuka sani, wataƙila akwai mai littafi a durowa da ya kamata ya buɗe yau.