Yadda Farfesa Ya Huda Ƙarfe Ɗari Uku

Akwai wani tsoho a wata ma'aikatar ƙarfe, ana ce masa Baba Alli. Ku matso 'yan shafi, labarin yau da ɗan zafi. Wanda yake da suruki mai gilashi ya yi haƙuri, ba da shi nake ba.

Aikin Baba ɗaya ne. Ya auna ƙarfe da tef, ya ɗiga alli a inda za a huda. Shekara ashirin da bakwai yana wannan, alli a bayan kunne, yatsu fari fat. Da wannan ɗigon yake ciyar da mutum tara a gida.

Sai maigidan ma'aikatar ya aurar da 'yarsa ga wani mai digiri. Ango ya tare a ma'aikata da kwamfutarsa a hammata. Ma'aikata suka sa masa suna Farfesa, shi kuma ya ɗauka yabo ne. Bai yi wata guda ba ya sa maigida ya sayo injin huda, irin wanda kwamfuta ke ba shi lambobi ya yi ta huda shi kaɗai.

Ana nan sai ga babban aiki. Wani mai gonar kaji yana son shinge. Ya riga ya kafa sandunansa cikin siminti, tsakanin kowace sanda da 'yar'uwarta mita ɗaya. Abin da ya rage shi ne ƙarafan kwance guda ɗari uku. Daga ramin farko zuwa na ƙarshe mita shida, kuma kowace sanda sai ta samu raminta na ƙusa.

Ni dai a firamare na tsaya, amma an yi min bayani har na gane. A yaren kwamfutar da Farfesa yake rubutu akwai wani umarni. Abu uku kake ba shi: inda za a fara, inda za a ƙare, da lamba nawa kake so. Shi kuma ya jero maka su, tazara iri ɗaya, har da ta farko, har da ta ƙarshe.

Farfesa ya ce mita shida, rami a kowace mita, ai shida ke nan. Ya rubuta sifiri, shida, shida. Lambobin ma bai duba ba, hoto ya sa kwamfutar ta zana. Ɗigo-ɗigo suka fito a jere gwanin kyau.

Baba Alli ya leƙo ta bayansa ya ƙirga.

"Yaro, shida na gani. Rami bakwai ake so fa."

"Wa ya kira ka?"

"Ba wanda ya kira ni. Duba hannuna. Yatsu biyar, amma tsakaninsu huɗu. Tazara shida tana son rami bakwai. Ka karanta min lambobin mu ji."

Farfesa ya cire gilashi ya goge, ya mayar. Ya tafa hannu.

"Jama'a a kashe inji! Ku zo, yau Baba zai koya wa kwamfuta lissafi da yatsun hannu. In sun ƙare ya cire takalmi."

Aka yi dariya. Wasu don tsoro, wasu don dama haka Allah ya yi su.

Farfesa ya zare allin daga bayan kunnen tsohon. Ya juya Baba kamar buhu, ya zana masa ƙaton sifiri a bayan riga.

"Ga makinka. Ka kai gida a gani."

Sannan ya yar da allin ya murje shi da takalmi.

Maigida ya fito daga ofis jin hayaniya. Farfesa ya juya masa kwamfuta.

"Abba duba da idonka. Akwai ɗigon da ya fi wani nisa?"

Maigida ya duba. Babu. Duk daidai suke.

"Ranka ya daɗe," in ji Baba, "daidai suke da junansu. Da sandunan mutumin ne ba su daidaita ba. A huda ɗaya kawai a je a gwada."

"Abba, ko ni ko shi. Ba zan yi aiki ana min numfashi a ƙeya ba."

Maigida ya kalli surukinsa, ya tuna 'yarsa na da ciki wata biyar. Ya kalli ƙasa.

"Baba, ka yi ƙoƙari. Ka je gida ka huta haka nan."

Shi ke nan fa. Shekara ashirin da bakwai, ko kujera ba a ba shi ya zauna ya ji maganar ba. Hannunsa bai kai bayansa ya goge ba, cikin ma'aikatan kuma babu wanda ya goge masa. Haka ya bi titi da sifirinsa har gida. Matarsa ta gani, ta karɓi rigar ta jiƙa.

Kwana biyu inji yana ta huda. Farfesa yana zagaye da hannu a baya yana cewa, "Da tsohon nan ne, sai sati uku."

Rana ta uku aka loda mota aka tafi gona. Babban mai walda, wanda ake ce wa Tartsatsi, ya ɗaga ƙarfen farko da mutanensa. Ƙusar farko ta shiga. Ta ƙarshe ta shiga. Na tsakiya kuwa, sanda tana nan, rami yana can, kamar masu gaba. Ya ɗauko na biyu, haka. Na goma, haka.

Farfesa ya ce, "Sandunan ne ba daidai ba. A tumɓuke su."

Mai gona ya kalle shi sama da ƙasa. "A tumɓuke me? Kai ɗan waye?" Ya ja tef a gaban kowa, mita ɗaya cif. Ya ja a kan ƙarfe, mita ɗaya da santimita ashirin. Ya juya wurin maigida. "Sati ɗaya na ba ka. In kajina suka iso babu shinge, ku biyun nan za ku tsaya kuna kora min karnuka."

Da la'asar sai ga motar maigida a ƙofar gidan Baba Alli, shi da Farfesa. Baba yana kan benci yana yanke farce. Suka yi sallama, ya amsa, ya ci gaba da yankan. Sai da ya gama yatsu goma, ya koma na ƙafa. Su kuma suna tsaye cikin rana, maƙwabta sun fara leƙowa.

"Baba, mun zo ban haƙuri."

"Ai hutawa nake, ranka ya daɗe. Kai ka ce."

Maigida ya dunguri Farfesa, Farfesa ya durƙusa a ƙasa da farin wandonsa.

"Buɗe akwatin naka," in ji Baba. "Ba hoto ba. Lambobi. Da ƙarfi, kunnena ya tsufa."

Farfesa ya karanta. "Sifiri. Ɗaya da ɗigo biyu. Biyu da ɗigo huɗu..."

"Ya isa. Goge shidan ƙarshe ka sa bakwai."

Ya sa. "Sifiri, ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida."

"Allah sarki, baiwar Allah," Baba ya ce yana shafa kwamfutar. "Ashe ke ba ruwanki. Abin da aka tambaye ki kika bayar. Da miji ne ba ki dace ba."

Wata maƙwabciya ta bayan katanga ta fashe da dariya har da tari.

Baba ya ce zai dawo, amma da sharaɗi biyu. Na ɗaya, ba lambar da za ta shiga inji sai an karanta masa ita. Na biyu, kowane ƙarfe yana da ramin banza huɗu. Huɗu sau ɗari uku, dubu da ɗari biyu. Wanda ya huda, shi zai toshe su da walda, da hannunsa.

Maigida ya ce, "An gama." Ko kallon surukin bai yi ba.

Washegari Tartsatsi ya miƙa wa Farfesa kayan walda, ya koya masa na minti biyar, ya tafi abinsa. Kafin azahar tafin hannun Farfesa ya yi bororo, idanu jajur suna ruwa. Baba kuwa an kawo masa kujera ƙarƙashin inuwa. Duk ramin da aka toshe sai ya taso a hankali, ya ƙwanƙwasa da guduma, ya kasa kunne.

"Na ɗari da sha tara bai toshu ba, Farfesa. Sake."

Darasi: Na'ura abin da ka faɗa mata take yi, ba abin da kake nufi ba, don haka ka duba da idonka kafin ka huda abin da ba ya komawa. Kuma in wanda ya tsufa a kan aiki ya ce maka tsaya, ka tsaya ka ji, kada ka wulaƙanta shi don ba shi da takarda. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta, musamman Farfesan gidanku. Kowa ya san nasa.