Ramin da Ya Faɗa Rami

Da akuyar Gwaggo Lantana ta uku ta karye a ramin titinsu, sai ta nufi ofishin ciyaman.

Ciyaman ya buɗe fayil. "Gwaggo, an cike ramin nan tun bara, ga shi a rubuce. In yana nan, ɗauko mini shi in gani."

Washegari ta dawo hannu rabbana. "Ranka ya daɗe, na ɗauko shi a ka, sai ya suɓuce ya faɗa ramin ƙofar ofishinka. A taimaka a ciro."

Ciyaman ya buga tebur. "Ƙarya! Naku ya ninka wannan sau uku, ta ina zai shiga?"

Gwaggo ta dubi masu jiran ganinsa. "Kun ji ko? Ramin da babu, har awo ya yi masa."