Akuya Ta Ce Da Sauƙi

Ga ta nan ta taso muku!

Ta ƙaraso mu ji ta!

Wata shekara zazzaɓi ya addabi garin dabbobi. Akuya ta je fada ta ce, "Ranka ya daɗe, kowa ya kawo damin gero, sarki ya tanadi magani don duk wanda ya kwanta."

Kura ta ce, "Ina ruwan sarki da cikina? Kowa ya ji da kansa!"

Sarki Zaki ya bi shawarar Akuya, ya aiki Dila gida-gida da tulun magani.

Dila ya tarar da Akuya kwance tana karkarwa. "Sannu, yaya jiki?"

"Da sauƙi, mun gode Allah."

Ya ce madalla, ya wuce. Zomo ma da sauƙi, Kunkuru ma da sauƙi.

Ya isa wurin Kura, tana sakace haƙora lafiyarta ƙalau. "Yaya jiki?"

"Wayyo! Babu sauƙi ko kaɗan!" Ta shanye maganin tas.

Kashegari aka binne Akuya, kowa na zagin sarki.

Au, dariya kuke? To ni da nake ta tarin nan, ku tambaye ni mana.

Yaya jiki, Iya?

Da sauƙi, jikokina.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, shi ma da sauƙi ya ce!